Mai ciki da sikeli: abin da ake koya wa mata baƙar fata a Filadelfiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga nan Filadelfiya nake magana. Ku dubi kwalbar lemon nan da ke hannuna, ta awus 20, wato ɗan fiye da rabin lita. Sukarin da ke cikinta ya kai giram 65, wajen ƙaramin cokali 16. Da ita na fara, domin ta nan ƙiba ke shigo wa mai ciki ba ta ankara ba.

A shekarar 2009 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida. Mace mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin. Mai ɗan ƙiba, 7 zuwa 11.5. Wadda ta ɗauki cikin da ƙiba sosai, 5 zuwa 9 kawai. Kusan rabin matan ƙasar nan suna zarce wannan iyaka, sai hawan jini, ciwon sukari na ciki, ɗa ya yi girma har a kai ga tiyata. Abin ya fi tsanani ga baƙar fata, don mutuwa a sanadin haihuwa a cikinsu ta kusa ninka ta farare sau uku.

A Jami'ar Temple, Dakta Sharon Herring ta gwada wani shiri da mata baƙar fata masu ƙaramin ƙarfi, aka wallafa sakamakon a 2016. Abin da ya burge ni, ba a ɗora musu lissafi ba. Abin sha mai zaƙi kofi ɗaya a rana. Soye-soye da kayan kwalama sau ɗaya. Faranti ɗaya a kowane zama, ba ƙari. Taku 5,000 a yini. An ba su sikeli, ana tura musu saƙon waya, mai ba da shawara tana kiransu, ga kuma zaure a Facebook. Cikin waɗanda suka bi shirin, kashi 37 ne suka zarce ƙa'ida, cikin waɗanda ba a sa su a shirin ba kuwa kashi 66.

Maganar nan ta "ci ki ƙoshi, ku biyu ne", da so ake faɗinta, amma tana ɓata lissafi. Wata ukun farko babu ƙarin abinci. Na tsakiya ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 340 a rana, na ƙarshe 450. Kofin madara da ayaba da ɗan gyaɗa sun cike wannan gurbin.

Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya, kafin ki karya. Kada ki yi horon yunwa don ki rame. In kin ga nauyi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, fuska da hannu sun kumbura, ga ciwon kai, wannan ba abinci ba ne. Kira likitarki a take a auna jininki.