Poka ta Teksas: Biyu a Hannunka, Biyar a Kan Tabarma

Assalamu alaikum jama'a. Ga tabarma, ga karta, ga ƙwallayen dabinon da muka tara tun azumi. Yau daga nan Fagge za mu warware muku wasan nan da kuke gani a waya, inda mutum ke riƙe da kati biyu kacal kuma a ce ya cinye. Sunansa Teksas Holdem, nau'i ne na poka. A jihar Teksas ta Amurka ya taso, ya bunƙasa a birnin Las Vegas, inda aka fara gasar poka ta duniya a 1970.

Magana ɗaya kafin mu taɓa kati. A can, da kuɗi suke yinsa, wannan kuwa caca ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta ta, kuma kun san Hisbah ba ta wasa da ita a Kano. Shi ya sa muka kawo ƙwallon dabino. In an tashi a share a zubar. Lissafin muke so.

Wanda ya saba da Whot ya ajiye sabonsa gefe: nan babu zuwa kasuwa, babu rige-rigen ƙarar da kati. Kartar 52 ce, dangi huɗu, wato alamu huɗu irin su zuciya, kowane dangi 13. As, mai harafin A, shi ne babba, sai sarki, sarauniya, J, sannan 10 har zuwa 2.

Mutum biyun da ke hagun mai rabo su ne ke fara zubi dole, na farko ƙwallo ɗaya, na biyu ninkinsa. Sai a ba kowa kati biyu a kife. Ka leƙa naka, kada na kusa ya gani. In layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka kife katinka ka janye.

To, ku dubi tsakiyar tabarma. Mai rabo ya cire kati ɗaya ya ajiye gefe, ya buɗe uku. A yi zubi. Ya buɗe na huɗu, a yi zubi. Ya buɗe na biyar, a yi na ƙarshe. Waɗannan biyar ɗin ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne, kamar tuwon da aka ajiye a tsakiyar majalisa. Kai da biyunka, ka haɗa da su ya zama bakwai, ka zaɓi biyar mafi ƙarfi; in an buɗe hannu a ƙarshe, wanda biyar ɗinsa ta fi ƙarfi shi ke kwashe tarin. Kana iya amfani da biyunka duka, ko ɗaya, ko ma ka bar su ka tsaya kan na ƙasa.

Ƙarfin kuwa daga ƙasa yake hawa: babban kati shi kaɗai, sai biyu masu lamba ɗaya, sai irin wannan sau biyu, sai uku masu lamba ɗaya. Sama da su akwai jere, kamar 5, 6, 7, 8, 9. Sama da jere, biyar 'yan dangi ɗaya. Sannan uku da biyu a haɗe, sannan huɗu masu lamba ɗaya. Ƙololuwa ita ce jere 'yan dangi ɗaya.

Ga inda sabon shiga ke faɗuwa. Abokinka ya leƙa ya ga as biyu, abin da ke zuwa kamar sau ɗaya a rabo 221, sai fuskarsa ta washe. Kai kuma sarki da 9 gare ka, duka masu alamar zuciya. An buɗe uku: 2 da J masu zuciya, da wani 7. Na huɗu bai amfane ka ba. Na biyar ya faɗo, 4 mai zuciya. Ka cika biyar 'yan dangi ɗaya, as biyunsa sun tashi a banza. Me ya kayar da shi? Tun farko idonsa na kan hannunsa, bai tambayi kansa me tabarma ta ba sauran mutane ba. Da zarar ka ga uku 'yan dangi ɗaya a ƙasa, sai ka shiga taitayinka, ko me kake riƙe da shi. Ni a ganina rabin wasan kenan.

Ba dole ne ma a kai ga buɗe hannu ba. In kowa ya janye ya bar ka, tarin naka ne, ba sai ka nuna katinka ba.

Akwai ɗan uwansa da ake kira Omaha, tsarin rabon ƙasa iri ɗaya, amma kati huɗu ake ba ka. Sharaɗinsa da tsauri: biyu cif daga hannunka, uku cif daga tabarma. Ko da masu zuciya huɗu ne a ƙasa, in ɗaya tak kake riƙe da shi, ba ka cika dangi ba. A Teksas da ka cika, a Omaha sai kana da biyu.