Kamshaf, tafet da sifirin: zaɓen kayan bawul ga tsohon injin Chevrolet 350

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi wannan ɗan ƙarfen da ke tafin hannuna. Tafet ne, daga injin Chevrolet 350 na ciro shi. Shi ke zama a kan kamshaf, wato dogon ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke juyawa yana buɗe bawul, ƙofar shigar mai da fitar hayaƙi. Ga sababbi biyu a gefe. In na haɗa fuskokinsu za ku ga suna ɗan lilo, domin fuskar sabon tafet tana da ɗan tudu a tsakiya wanda ido ba ya kamawa. Shi kuwa wannan, dubi yadda tsakiyarsa ta lotsa kamar cikin cokali. Ko wata biyu bai yi a inji ba. Wani mai sayar da kaya ne ya haɗa mini sifirin na motar tsere da kamshaf na yawon gari, ya ce duk ɗaya ne. Sifirin ya danne tafet, tafet ya cinye kamshaf, garin ƙarfe ya bi baƙin mai ya shiga ko'ina, sai da aka sake sauke injin. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ba na so ya sami kowa a cikinku.

Wannan jinsin injin, kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da shi a 1955, mai lamba 350 kuwa ya bayyana a 1967 a cikin motar Camaro. Silinda takwas, bawul 16, lita 5.7. Kamshaf ɗinsa a cikin bulok yake: ya ɗaga tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta ture roka, wato ɗan ƙarfen da ke lilo a saman inji, roka ta danna bawul, sifirin ya mayar da shi. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe injin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ya san wannan tsarin, don ita ma da sanda take tura bawul. Gyaran da muke magana a kai na motar hawa ne, wadda za ta tashi da safe ba gardama, ta tsaya a sulo lafiya, ta ja idan an taka.

Kamshaf ake fara zaɓa, sauran kaya duk bayansa suke bi. A jikin takardarsa akwai lambobi uku. Ta farko tsawon lokacin da bawul yake buɗe, ana auna shi da digirin juyin kiranshaf daga inda tafet ya ɗaga inci 0.050. Na kamfani a yawancin waɗannan injuna yana wajen digiri 195 a ɓangaren shigar mai. Na matsakaicin gyara da aka fi sani shi ne 204 a shiga, 214 a fita. Ta biyu yawan ɗagawar bawul, wajen inci 0.420 da 0.442 ga irin wannan. Ta uku tazarar da ke tsakanin ƙusumbin shiga da na fita, digiri 112 shi ne mai zaman lafiya.

Zuciya takan raya wa mutum ya ɗauki babba, mai 230 ko sama, saboda wannan kukan da inji ke yi yana tsalle a sulo. Ni dai ba na ba da wannan shawarar ga motar gari. Babban kamshaf yana jinkirin rufe bawul ɗin shiga, fistin ya riga ya fara hawa, sai wani abu daga cakuɗin mai da iska ya koma baya. Injunan shekarun 1970 dama matsin da fistin ke yi wa cakuɗin kaɗan ne, wajen ninki 8.5, to ka ga an ƙara rage abin da ba shi da yawa. Motar za ta yi nauyin tashi daga tsaye, ta sha mai. Ga kuma birki: na'urar da ke sauƙaƙa taka shi da zuƙon iskar inji take aiki, babban kamshaf kuwa yana rage wannan zuƙon a sulo, sai ka ji feda ta yi tauri a daidai lokacin da kake bukatarta.

Sabon kamshaf, sababbin tafet, duka 16. Babu tsimi a nan. Ƙusumbin kamshaf yana da ɗan karkata, shi ke sa tafet ya riƙa juyawa yana aiki, kowane tafet kuma yakan saba da ƙusumbinsa. In tsohon kamshaf za ka mayar, jera tafet a kwali da lamba, kowa ya koma raminsa. Akwai kuma tafet mai ɗan taya a ƙasa, wanda kamfanin ya fara sa wa motocinsa a 1987. Yana gangarawa maimakon goga, ya fi daɗewa, amma sa shi a tsohon bulok kuɗinsa ya ninka na mai fuska, wato marar taya, sau da yawa. Mai hali ya saya. Wanda bai da shi, mai fuska ya isa in an bi ƙa'ida.

Yanzu ga inda na ƙone: sifirin. Mai laushi da yawa ba ya iya mayar da bawul da sauri idan an ba inji wuta, bawul ya riƙa shawagi. Mai tauri da yawa kuwa, kun ga aikinsa a hannuna. Sayi wanda masu kamshaf ɗin suka rubuta a takardarsu, sannan ka auna da kanka. A wannan injin tsayin sifirin bayan an ɗaura yana wajen inci 1.700, ƙarfinsa da bawul a rufe fam 100 zuwa 110 ya wadatar. Ku kalli nan da kyau. Na danna bawul har ƙarshen ɗagawarsa, ina zura ma'auni tsakanin zoben sifirin. Dole a sami rarar inci 0.060, wato wajen milimita ɗaya da rabi, kafin zobe ya haɗe da zobe. In suka haɗe, sanda ce za ta lanƙwashe ko ƙusar roka ta fito. Sai ka duba ƙasan hular sifirin, kada ta taɓa sil ɗin da ke kan bututun bawul. Tof silinda na kamfani, da zarar ɗagawa ta doshi inci 0.480, wurin nan ya fara matsewa.

Rokar kamfani ta ƙarfen faranti tana ninka ɗagawar ƙusumbi sau 1.5, wato 0.280 ya zama 0.420 a bawul. Ta isa wannan aiki. In ka sa mai 1.6, ɗagawa ta koma 0.448, duk awon da muka yi sai an sake. Abu guda kada ka manta: rokar da ke da kunnuwa masu riƙe kan bawul ba a haɗa ta da farantin da ke saita sanda, ɗaya ake zaɓa, in ba haka ba su riƙa ja-in-ja. Ƙusoshin roka kuwa na kamfani dannawa aka yi, ba zare, kuma da sifirin mai sauƙi za su zauna lafiya.

Bawul, bar shi a girman kamfani, inci 1.94 na shiga da 1.50 na fita. Kuɗin da za ka kashe wajen faɗaɗawa, kai shi a gyara bututun da bawul ke zirga-zirga a ciki, in yana girgiza. Tof na kafin farkon shekarun 1970 an yi shi ne don fetur mai dalma, saboda haka a sa masa mazauni mai tauri a ɓangaren hayaƙi. Sanda kuma, shafa baƙin alƙalamin maka a kan bawul, ɗaura roka, juya inji da hannu. Layin da ya goge ya fito siriri kusa da tsakiya. In an taɓa aske tof ko bulok, tsayin sandar kamfani, wajen inci 7.800, zai iya daina dacewa. Sarƙar taimin a canza ta, musamman in ka tarar da giya mai haƙoran roba.

Ranar tashin farko ita ce ranar da kamshaf ke rayuwa ko ya mutu. Shafe kowane ƙusumbi da fuskar tafet da man ɗauri, wato man da ake shafawa lokacin ɗaura inji. Zuba baƙin mai mai yawan sinadarin zinki, don an rage shi a man motocin zamani saboda na'urar tace hayaƙi. Saita kowane tafet: in mai aiki da matsin mai ne, ka ɗaure notin roka, in sanda ta daina wasa ka ƙara masa rabin juyi. Cika kafireta, daidaita wuta, injin ya kama a bugu ɗaya. Kada ka bar shi a sulo, kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti kana ɗan hawa da sauka har minti 20 zuwa 30, domin man da kiranshaf ke fantsamawa shi ke jiƙa ƙusumbi. Idonka a kan zafin lagireto. Da ka kashe, juye man da zafinsa, yanka filta, ka buɗe takardar cikinta a rana ka duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe.