Yadda yaran Japan ke koyon rubutu cikin wasa

(Lacca ce da aka gabatar wa malaman firamare da iyayen yara, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, barkanmu da yamma. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka bari in tafi kai tsaye.

Yaro a Japan yana shiga aji ɗaya ne da shekara 6, a watan Afrilu, kuma rubutu iri uku ke jiransa. Akwai hiragana mai haruffa 46, kusan kowane harafi gaɓa ce sukutum: ka, ki, ku, ke, ko, irin yadda muke rera ba, be, bi, bo, bu, sai dai su kowace gaɓa da alamarta guda. Akwai katakana, ita ma 46, sauti ɗaya ne amma zane daban, da ita ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi. Sai uwa uba kanji, wanda suka aro daga ƙasar Sin, inda alama ke ɗauke da ma'ana. Ma'aikatar ilimi ta ƙayyade guda 1,026 a shekaru shida na firamare: 80 a aji ɗaya, 160 a aji biyu, 200 a aji uku, kusan haka har a kai aji shida. Da 1,006 ne, a 2020 aka ƙara 20 don yaro ya iya karanta sunayen jihohin ƙasar 47 duka. Jerin da ake so baligi ya sani kuwa, tun gyaran 2010, guda 2,136 ne.

Na ga wasu sun riƙe baki. To, ba da bulala suke sauke wannan kaya ba, kuma ba wai yaransu sun fi namu kai ba ne. Abin da nake so mu lura da shi a yau shi ne irin wasannin da suke amfani da su. A wurinmu sau da yawa wasa lada ne, a ce gama aikinka ka fita wasa. Wasannin da zan nuna muku kuwa dokarsu ita ce darasin, ba yadda za a yi yaro ya ci wasan bai karanta ba.

Ga wannan da ke hannuna, sunansa karuta. Malam, taimaka ka miƙa su su zagaya, gani ya kori ji. Kada kowa ya tsorata, ba caca ba ce. Katunan kashi biyu ne. Kashi ɗaya na mai karantawa, kowane kati da jimla a kai. Ɗaya kashin kuma hoto ne, da harafin farko na jimlar a kusurwa cikin ɗan da'ira. Sai a baje masu hoton a ƙasa, yara su durƙusa su kewaye su, hannuwa a kan gwiwa. Kaka ko malama ta ɗauki kati ta fara karantawa. Da sautin farko ya fito daga bakinta, idanu sun bazama neman harafin, wanda ya riga kai hannu ya mari katin shi ya ci. Wanda ya yi gaggawa ya taɓa wanda ba shi ba, an ci shi tara, a gidaje da yawa sai ya mayar da kati ɗaya ko ya zauna zagaye guda. A ƙarshe a ƙirga.

Ku duba abin da ya faru a 'yan daƙiƙun nan. Kunne ya ji sauti, ido ya nemo siffa, kuma cikin sauri, wanda shi ne ainihin aikin karatu. Tarar nan ma da amfaninta, domin akwai haruffa masu kama da juna da ke rikita yara, irin さ da ち, wato sa da chi, ko ぬ da め, nu da me. Yaron da aka ƙwace wa kati a gaban ƙaninsa saboda wannan 'yar lanƙwasa ta wutsiyar nu, ina tabbatar muku gobe zai duba wutsiyar. Ƙaramin da bai san harafi ba tukuna yana bin hoto, a hankali hoton ya bar shi da harafin.

Tsohon nau'insa shi ne iroha karuta, mai karin magana a kowane kati, ana yawan yinsa a bikin sabuwar shekara. Na Edo, wato Tokyo ta da, yana farawa da karin maganar da ke cewa kare in ya cika yawo sai ya gamu da sanda. Mutanen jihar Gunma kuma a 1947, ana fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi nasu mai kati 44, kowanne yana magana kan wani dutse, gari, sana'a ko shahararren mutum na jihar, har yau yaran can na gasa a kansa. Manya ma suna da nasu na waƙoƙi ɗari, wanda ake gasar zakaru a kansa duk watan Janairu a birnin Otsu. Wato yaro na ganin abin da yake yi ba na yara kaɗai ba ne.

Na biyu ba ya bukatar ko sisi. Sunansa shiritori. In faɗi kalma, kai kuma ka kawo wadda ta fara da gaɓar ƙarshe ta tawa: ringo, gorira, rappa, wato tuffa, goggon biri, kakaki. Wanda ya kawo kalma mai ƙarewa da harafin ん, mai sautin n, ya faɗi, don babu kalmar Japananci da ke farawa da shi. A mota ake yi, a layin asibiti ake yi. Yaron da bai taɓa riƙe fensir ba ya riga ya iya yanka kalma gaɓa-gaɓa, kuma hiragana a kan gaɓa aka gina ta.

Akwai kuma fuskar nan da kowane yaro ya iya zanawa, henohenomoheji. Da haruffa bakwai ake yinta: he biyu gira, no biyu idanu, mo hanci, wani he baki, ji kuma ya zagaye fuskar. Har a jikin mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona ake zana ta. Wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamanmu na babbaƙu da suka ce an baki wofi, ko lam jaye, ko ha kuri, siffa suke ba harafi don ya zauna a idon yaro.

Da aka zo kanji sai wasan ya koma na harhaɗawa. Alamar itace ita ce 木. Ka jera biyu, 林, kurmi. Uku, 森, daji mai duhu. Ka jingina mutum da itace, 休, hutawa. Rana da wata, 明, haske. Ana sayar da katuna masu ɗauke da ɓangarorin, yaro ya haɗa hagu da dama ya ga ko alama ta fito. Sai dai kada in yaudare ku, kaɗan ne daga cikin kanji ke bayyana kansu haka. Akasarinsu ɓangare ɗaya na nuna ma'ana, ɗayan na nuna lafazi, kuma alama guda na iya samun karatu biyu ko fiye: ta dutse a ce yama a nan, a ce san a can. Daga aji uku zuwa sama labarin hoto ba ya isa, sai maimaici.

Maimaicin nan ne wani kamfanin ɗab'i mai suna Bunkyosha ya yi wa dabara a 2017. Iyayenmu mata ku gafarce ni. Littafin atisaye suka fitar, Unko Kanji Drill, mai jimloli 3,018, uku ga kowace alama, kuma babu jimlar da ba a ambaci kashi a cikinta ba, kashi dai na bayan gida. An sayar da miliyoyi. Ni ba zan kawo shi ajina ba, tarbiyyarmu ba ta ɗauki wannan ba. Amma mutanen sun gano wani abu: yaro ba ya gajiya da maimaita abin da ke ba shi dariya, sai ya karanta jimlar sau biyar don ya je ya karanta wa abokinsa.

Duk da haka hannu sai ya yi aikinsa. Littafin rubutun yaro gida-gida ne, kowane gida an raba shi huɗu da ɗige-ɗige, kowace alama da tsarin layin da ake fara ja da wanda ake ƙarewa da shi, malama kuma na bi da jan biro. Daga aji uku ake ba su alƙalamin gashi da tawada. 'Yan aji ɗaya da biyu kuwa, tun manhajar 2020, ana ba su irin wanda ake tsomawa a ruwa zalla, a rubuta a kan wata takarda ta musamman, rubutun ya fito baƙi, in ya bushe ya ɓace. Ba ɓata riga, ba tsoron kuskure. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da yawancin wasannin waya da ake tallatawa: yaro na dangwala yatsa, tauraro na fitowa, amma ka miƙa masa fensir ka ga ikon Allah.

(Wata malama ta tambaya ko za a iya yin irin wannan da Hausa.)

Sosai ma, Malama. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka shiritori ya zauna daram: gida, dawa, wake, keke, keso. Ku gwada gobe da safe kafin a buga ƙararrawa. Na katin kuma kwalin sabulu ya isa, da almakashi. Karin magana muna da su buhu-buhu, ki zaɓi ɗaya ga kowane harafi, 'yan aji shida su zana hotunan. Ki tabbata kin yi katin b da na ɓ, d da ɗ, k da ƙ, ki ajiye su nesa da juna a kan tabarma, tarar kuma ta fi tsanani a kansu. Kada rukuni ya wuce yara shida, in ba haka ba masu dogon hannu za su kwashe komai. Akwai wata tambayar?