Na murɗa sitiyari dama, tayoyi suka yi hagu

Assalamu alaikum jama'a, daga Garwa ne, arewacin Kamaru. Ƙanena, matso da wayar nan gaban motar. Ku duba da idonku. Ga shi na murɗa sitiyari dama, ku dubi tayoyin, hagu suka nufa. Wallahi sai da gabana ya faɗi da na fara ganinsa, don da a kan titi ne wannan ya faru da ba a tsaya yin bayani ba. Jaka talatin da biyar na ba da a kan wannan rak ɗin, wato sandar haƙoran da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, wanda kanikawan nan ke kira kiremayer, kuma ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ba nasa wurin ba ne kawai.

Ga wanda bai ga na baya ba, motar da ake haɗawa irin ƙirar Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957. Kujera biyu, inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, shasi na fayif mai kusurwa huɗu na milimita 25. In an gama nauyinta ba zai wuce kilo 600 ba. Kuma ku dubi waldar nan, duk faɗin garin nan ban ga wadda ta fi ta tsabta ba.

To me ya jawo juyewar? Rak iri biyu ne. Akwai wanda ke zama a bayan layin tayoyin gaba, akwai mai zama a gabansa. Kusan duk ƙananan motocin da tayar gaba ke ja, irin su Corolla da Starlet da suka cika garin nan, nasu a baya yake. Ɗan giyan da sitiyari ke juyawa, finiyon, a saman sandar haƙoran yake cizo, in ka yi dama sandar ta yi hagu, ta tura bayan tayar hagu, gabanta ya kalli dama. Daidai ke nan. A irin motarmu kuwa inji ya cinye wurin, dole rak ya koma gaba. A can sandar dama ya kamata ta yi, saboda haka finiyon daga ƙasa zai ciza. Ka ɗauko na baya ka dasa a gaba, ga sakamakon.

Wani zai ce a kifar da shi mana. Gaskiya ne, in ka kifa shi tafiyar za ta gyaru, amma finiyon ya tsallaka ɗaya gefen. Na motar da sitiyarinta ke hagu ya zama na dama. Mu kuwa Kamaru da Chadi hannun dama ake tuƙi, sitiyari a hagu, haka gida Najeriya tun 1972. Saboda haka in kifarwa za ka yi, sai ka samo na motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama wanda ke zama a baya, shi ne in an kifa zai ba ka hagu a gaba. Ko shi ɗin ma kan finiyon da da yake kallon sama yanzu ƙasa zai kalla, sai ka yi masa sabon maɗauri zagayayye da za ka iya mirgina shi a ciki har ya fuskanci sandar sitiyari. Turawan da ke haɗa irin wannan mota na Ford Escort Mk2 suke nema, ko na Mazda MX-5, don su tun asali a gaba suke. Amma na Escort da ake tallarsa daga Ingila yawanci na dama ne. Ina jan kunnenku, kada ka tura kuɗi sai an ɗauko maka hoto da tef a jikinsa.

Nan ne nake kewar Kano. A Kofar Ruwa rak goma za a zube maka a ƙasa, ka tsuguna ka auna ɗaya bayan ɗaya, ana kawo maka shayi. A nan in babu a gari sai a ce a jira daga Camp Yabassi ta Duwala, kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can mota ta gangaro da su. Sati biyu kana jiran abin da ba ka taɓa ba. Sai dai mai tonan da na samu a nan, wato mai injin gyara ƙarfe da yanka zare, dattijo ne, Fulatanci muke haɗawa da Hausa, hannunsa ba ya kuskure.

Yanzu ga awon da ya fi komai, wanda masu sayarwa ba sa ma tambaya. Ba tsawon rak gaba ɗaya ake aunawa ba. Zare robar rufin, ka auna daga tsakiyar gaɓar ciki ta hagu zuwa tsakiyar ta dama, wato inda tayarod, sandar da ke haɗa rak da taya, ke lanƙwasawa. Sannan ka tsaya gaban shasi, ka ja zare daga inda hannun sama mai riƙe taya ya kama jiki zuwa inda hannun ƙasa ya kama. Gaɓar cikin nan a kan wannan zaren ya kamata ta faɗo, a tsayin da rak zai zauna. Dalili shi ne in taya ta hau tudu, hannayen biyu baka suke zanawa, tayarod ma baka yake zanawa. In bakan bai yi daidai ba, tayarod zai ja taya ko ya tura ta, motar ta karkata da kanta kana riƙe da sitiyari cak. A hanyar Garwa zuwa Ngaundare, da ramukanta da gangaren dutsen nan na kusa da ƙarshe, wannan ba abin wasa ba ne.

A shasina milimita 580 nake buƙata. Wancan na biyun da ke kan benci, mai zama a gaba, 660 ne. Sai an rage 80.

Ga yadda ake ragewa. A warware shi duka, a fitar da finiyon, a zaro sandar. Daga gefen da babu haƙora ake yanka, gefen fasinja. Ba a taɓa haƙoran, an ƙona su sun yi tauri. A kan injin tona za a yanke, a daidaita fuskar, a huda tsakiya, a yanka sabon zare irin na da, zurfi ɗaya. In M14 ne mai tazarar 1.5, bakin huji na 12.5 ake sawa, in M16 ne mai 1.5 kuma 14.5. A gwada zaren da ma'auni, don mai 1.5 da mai 2 a ido kamar tagwaye ne, noti zai shiga zagaye biyu ya cije, yaro ya sa sifana ya matse, shi ke nan an kashe shi. Bututun waje ma 80 ɗin za a cire, a mayar da bushin ƙarshe mazauninsa. Bututun kam ana iya sa masa hannun riga a yi walda. Sandar ciki kuwa, don girman Allah kada wanda ya yanke ta a tsakiya ya haɗa da walda. Wuta na sa irin wannan ƙarfe ya yi gautsi a gefen ɗinkin, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi lokaci ɗaya. Ko kyauta aka ba ni irin wannan ba zan ɗaura ba.

Abin da ake mantawa, in ka cire 80 daga gefe ɗaya ka dawo da rak tsakiya, finiyon ya matso ciki da 40. Ka duba ko sandar sitiyari za ta wuce alternato da bututun salansa kafin a yanka. In da gwiwa biyu a sandar, bakunansu su kalli layi ɗaya, kuma kada lanƙwasar kowace ta wuce digiri 30, in ba haka ba sitiyari zai riƙa nauyi da sauƙi a zagaye guda.

Saurin juyawa lissafi ne mai sauƙi. Hannun da ke jikin nokul nawa, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, milimita 120 ne. Don taya ta karkata digiri 30, sandar za ta yi tafiyar kusan 60 kowane gefe, 120 ke nan jimla. Rak mai tafiyar 40 a zagaye ɗaya zai ba ka zagaye 3 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, mai 50 kuma 2.4. Samari mai 2.4 suke so. A filin tsere ya yi, a titin da babur ke faɗo maka ta ko'ina kuma rami na fizgar hannu, ni mai 3 na zaɓa. Fawa kuwa, wato taimakon mai da ke sauƙaƙa sitiyari, mota mai wannan nauyi ba ta buƙata. In mai fawa kaɗai ka samu, haɗa tiyo biyun da juna ba ya isa, sai an buɗe an cire fistan da robobinsa, kuma akwai ɗan wasa a cikin bawul ɗin finiyon da zai rage. Gara ka nemi marar fawa tun farko.

Kada a yi wa maɗauri waldar ƙarshe sai an gwada. Cire sifirin, ɗaure sitiyari a tsakiya, ɗaura faranti miƙaƙƙe a mazaunin taya, kafa ƙarfe madaidaici a gefensa. Ɗaga da jak milimita goma-goma, 50 sama 50 ƙasa, kowane mataki ka auna tazarar gaba da ta baya ka rubuta. Ga rak na gaba, in taya ta buɗe baki waje a sama ta rufe a ƙasa, rak ya yi sama da yawa, sauke shi. In akasin haka ne, ɗaga shi da washa ta milimita 1 ko 2. In ta rufe ciki a sama da ƙasa duka, tayarod ya gajarce, wato rak ɗin har yanzu ya yi faɗi. Ni ba na yarda bambancin ya wuce milimita 1 a faɗin rim.

Kan tayarod, rotil inji mutanen nan, zarensa ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, na 14 ya shiga 21. Kusoshin maɗauri masu lamba 8.8, noti mai roba. Robar rufi sabuwa, jaka uku ce, don ƙurar hunturu in ta haɗu da giris gurza take yi, zafin Maris da Afrilu na garin nan da ke haura digiri 40 kuma yana tsattsaga tsohuwar roba.

Ƙanena, sauke wannan na Corolla ka goge shi, za a mayar. Ka ɗauko mini na bencin da alli, in sa alamar 80 ɗin kafin dattijo ya rufe shago don la'asar.