Allah a Ginin Laka da Bakin Murhu

Iyayena mata, dattawan ikilisiya, ƙannena matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Na baya, kuna jina? Madalla.

Da Wusasa zan fara. Wanda ya taɓa zuwa can kusa da Zariya ya ga tsohon cocin nan na Sen Batalomi da aka gina a 1929. Ginin laka ne, irin wanda kakanninmu suka kwana suka tashi a ciki. Ranar da na fara shiga na dafa bangon, sanyin ƙasar ya ratsa tafin hannuna, sai ɗakin kakata ya faɗo mini a rai. Na daɗe tsaye. Ashe ƙasar da ake gina rumbu da ita ta isa a gina wa Allah ɗaki. A wannan yanki ne kuma Likita Mila, ɗan mishan daga Ingila wanda ya zauna Zariya tun 1905, ya yi ta fama da fassara tare da abokan aikinsa, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Tun daga nan muke jin maganar Allah da harshen da ake cinikin gero da shi, harshen da uwa take rarrashin ɗanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a bangaskiyarmu. Yahaya 1:14 ya gaya mana Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Luka ya ce Yesu yana da wajen shekara 30 sa'ad da ya fara hidima. To, kafin nan me yake yi? Mutanen Nazarat sun ba da amsa a Markus 6:3: masassaƙi suka san shi. Shekaru yana feƙe itace, yana share gumi, yana jiran a biya shi ladan aikinsa. Yawancin kwanakin Ɗan Allah a duniya, irin Talatarku da Larabarku ne.

Abin da yake damuna, 'yan'uwa, mun koya wa 'ya'yanmu neman Allah a taron farkawa kaɗai, inda lasifika take kuwwa ana jiran al'ajibi. Ban raina taro ba, ni ma a taro na tuba. Amma ku duba Luka 24. Bayan tashin Yesu daga matattu, wani mabiyinsa Kiliyobas da abokinsa sun yi tafiyar wajen mil 7 zuwa ƙauyen Imuwasu, Yesu yana buɗe musu Nassi, zuciyarsu tana kuna, ba su gane shi ba. Sai da aka zauna cin abinci, ya gutsuttsura gurasa, sannan idanunsu suka buɗe.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce murhu Allah ne ba. Halitta daban, Mahalicci daban. Cewa nake yana zuwa har bakin murhun.

Ni a wurin mahaifiyata na ga haka. Wata shekara damina ta yi gardama, rumbunmu ya kusa ƙarewa tun kafin a yi shuka. Duk da haka, in za ta tuƙa tuwo, sai ta ɗebi gari tafi ɗaya ta zuba a wata 'yar ƙwarya, tana rera waƙar Zumuntar Mata ta ikilisiya ƙasa-ƙasa. Na ce, “Mama, mu ma ba ya isarmu.” Ta ce, “Ɗana, wannan ba namu ba ne.” Ran Asabar ta aza mini ƙwaryar a ka, ta aike ni gidan wata gwauruwa a bayan layinmu. Ina cike da fushi na tafi. Da na yi sallama, na tarar da matar ta ɗora tukunya, ruwa ne kawai yake tafasa, don yaranta su ga hayaƙi su daina kuka. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta durƙusa a ƙasa, ba ni take kallo ba.

Yanzu wani ya buɗe mana Luka 24, mu karanta daga aya 28.