Idan Yaro Ya Fara Gudun Abinci

Assalamu alaikum, iyaye 'yan'uwana. Na kunna kyamarar nan yau raina a ɓace, domin an kwantar da 'yar wata maƙwabciyata a asibiti a nan ƙasar da muke zaune, yarinya 'yar shekara 14, bayan ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Likitoci sun ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa ƙwarai saboda ta daɗe tana hana kanta abinci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar da na ji daga bakin wani babba a cikinmu, wai wannan ciwon Turawa ne, ciwon ƙoshi, da an zane ta da tuni ta ci.

Wallahi ba haka ba ne. A tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik, inda mutane suka daɗe suna ganin cikar jiki ita ce kyau, talabijin ta isa wani yanki a 1995. Likita Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a kan 'yan mata 'yan makaranta a wurin, kuma a wannan shekarar babu ko ɗaya da ta ce tana ƙaƙaro amai don ta rame, amma zuwa 1998 kimanin 11 cikin 100 sun amsa cewa suna yi. Wannan talabijin ce kawai, to ina ga wayar da ke hannun 'ya'yanmu dare da rana? Ba hotuna kaɗai ke jawo lalurar ba, akwai gado, akwai damuwa da tsangwamar abokai, amma babu wata al'umma da ta tsira daga gare ta.

Mahaifiyar yarinyar ta zauna tana kuka tana lissafa min abubuwan da suka yi ta faruwa a gabanta. Yarinyar takan yayyanka abincinta ƙanana-ƙanana, ta yi ta juya shi a faranti har kowa ya tashi, ko ta ce ai ta ci a makaranta. Ita ce mai son dafa wa kowa, amma ba ta kai loma bakinta. Tana fama da manyan rigunan sanyi har a ɗakin da aka ɗumama, hannayenta kullum kamar ƙanƙara, gashin kanta yana zubewa, al'adarta ma ta ɗauke, ba ta faɗa wa kowa ba. Duk wannan lokacin baƙi suna yaba mata cewa ta rame ta yi kyau. Wannan ita ce anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Zaman ƙasar waje yana ƙara ɓoye ta, domin uba yana aikin dare, uwa tana na rana, babu kaka babu gwaggo da za su sa ido, kuma a nan ne nake jin kewar gida sosai.

Kada ku jira sai kun ga ƙashi ya fito. Mai bulimiya, wata lalurar cin abinci ta daban wadda likita Gerald Russell ya bayyana a Landan a 1979, sau da yawa nauyinsa daidai yake. Yakan ci abinci mai yawa a ɓoye, sannan ya shige banɗaki ya saki famfo don kada a ji ƙarar amai. Ku duba bayan yatsunsa ko akwai kanta, ku duba ko kumatunsa sun kumbura, ko haƙoransa sun fara lalacewa. Yawan amai da shan maganin gudawa suna zubar da sinadarin fotasiyam, kuma ƙarancinsa yana iya tsayar da zuciya. Maza ma suna kamuwa, musamman saurayin da ya mayar da motsa jiki tilas ko da ba shi da lafiya.

Ina gargaɗinku da babbar murya, kada ku yi duka, kada ku yi gori a gaban ƙanne, kada kuma ku ce wa yarinya ai ba ki da ƙiba, domin tsoron da ke zuciyarta ba ya jin wannan hujjar. Ku keɓe da ita, ku faɗi abin da idonku ya gani, kamar ki ce, 'yata, na lura kina wahala lokacin cin abinci, kuma hankalina ya tashi. Za ta musa, wataƙila ta yi fushi, amma duk da haka ku kai ta wurin likita a makon, ku nemi a auna bugun zuciya, a gwada jini, a kwatanta nauyinta da tsayinta da na shekarun baya. Idan akwai suma, ko ciwon ƙirji, ko maganar kashe kai, a tafi sashen gaggawa nan take. Wanda ya daɗe cikin yunwa kuma, kada a ɗura masa abinci lokaci guda ba tare da kulawar likita ba, domin sinadarin fosfet yana iya faɗuwa a jininsa ya taɓa zuciya.

Ni a gidana, ina alfahari da cewa ba a maganar jikin kowa a wurin cin abinci, ko na yaro ko na baƙo. Abin da ya fi ƙarfafa min gwiwa kuma shi ne, maganin da ya fi yi wa matasa masu anoreksiya aiki, wanda aka fara a asibitin Maudsley da ke Landan, ba ya ɗora wa iyaye laifi, su yake miƙa wa ragamar. Uwa da uba ne za su tsara abincin bisa shawarar likitoci, su zauna da yarinyar har ta cinye ko da tana kuka tana cewa ta tsane su, su kuma zauna da ita bayan an gama don kada ta nufi banɗaki. Aikin watanni ne, wani lokaci har sai ɗaya daga cikin iyayen ya ɗauki hutu daga wurin aiki.