Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ƙasa da Tsare-tsare a Ziyararsa Panshekara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu malamai, iyayenmu mata, muna yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, aikinka ya riga ka isowa garin nan, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Da izininka za mu fara da abin da ya hana mu barci. Muna roƙon ma'aikatarka ta turo ma'auna su shata iyaka a kewayen rijiyoyinmu da tsohon kududdufinmu da gaɓar kogin Challawa, a kafa duwatsun shaida, a rubuta a doka cewa ba a yanka fuloti ko zubar da dagwalon masana'anta a ciki.

Yallaɓai, Panshekara ba baƙuwar ruwa ba ce. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka kafa gidan ruwa na Challawa a ƙasarmu, daga nan aka ja famfon da birnin Kano ya fara sha. Kakanninmu sun noma rake da kayan lambu a fadamar nan, sun yi kamun kifi a kogin nan. Rijiya gaba kaɗan ake haƙawa a tarar da ruwa garai-garai. Da aka buɗe rukunin masana'antu na Challawa mun yi murna, 'ya'yanmu sun sami aiki, har gobe ba ma ƙin masana'anta. Amma ruwan jima da na rini da wasu kamfanoni ke saki, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, yana bin kwata a buɗe, yana kwanciya a ramuka, yana tsuma cikin ƙasa. Ƙasar nan kuwa rairayi ce, ba ta riƙe komai.

In ka ba mu minti goma bayan taro, za mu kai ka wata rijiya a bayan masallaci. Za a zura guga a gabanka. Ruwan yana fitowa da kalar shayi, da wari, sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Matan gidan sun daina ko wanki da shi. Garin da ya shayar da Kano, yau 'yan garuwa yake jira da kura da jarkoki.

Mu ma muna da namu laifin, ba za mu ɓoye maka ba. Gonaki sun koma awon igiya, fuloti ya matse, mutum ya haƙa shadda, maƙwabcinsa ya haƙa rijiyar burtsatse a bayan katanga ɗaya. Jami'an lafiya suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, to ina mita 30 a filin da aka yanka ba titi ba magudana? Don haka muna roƙon hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ta sa wannan sharaɗi a takardar izinin gini, ta kuma hana gidan mai da bola kusa da ruwan sha. Masu tifa da ke kwasar yashi har gindin gaɓa su ma a ja musu layi.

Sai dai duk waɗannan suna iya jira, shata iyakar nan ce ba ta jira. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun Gwamna, kai ne kuma idonsa a kan wannan amana. Kullum dillalai suna zagaya bakin kududdufin da igiya, ana ta cike gefensa da shara. In aka sayar, aka yi gini, mun rasa shi ke nan, ruwan damina ya rasa inda zai kwanta ya ciyar da rijiyoyinmu. Ranka ya daɗe, a turo ma'auna kafin ruwan farko ya sauka. Dagaci da matasanmu za su riƙe musu igiya, su nuna musu kowace kusurwa.

Ga takardar koken nan da sa hannun masu unguwanni, muna miƙa ta hannu da hannu. Allah ya mai da kai gida lafiya, amin.